Fitilar Ta Yi Kore

Hannun Yari na dama yana rataye a gefensa kamar na aro, Ɗanjuma kuwa daga can ƙasa sai ɗago kai yake yi yana tambayarsa da haɓa. Ƙarar injin ba ta barin magana ta sauko daga dandamalin ƙarfen da Yari yake tsaye zuwa bakin tukunya, shi ya sa aikin duk ya koma na hannu. In Yari ya ɗaga hannu, Ɗanjuma zai murɗa ƙarfe ya buɗe murfin ƙatuwar tukunyar da ake turara angurya kafin a matse mai. In ya ɗaga alhali da sauran tururi a ciki, abin da zai fito zai dafa mutum a tsaye. Wannan kam Yari ya gane shi sarai. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne fitilar.

'Yar fitila ce kamar ƙwan zabo, an dasa ta a jikin allon ƙarfe, kusa da wani agogo mai allura ɗaya. Jiya, da aka kawo shi ya ga wuri, Markus foman ya tsaya da shi a gabanta. Markus mutumin kudancin Zariya ne, mai Hausar da ba ta wahalar da kanta wajen raba mace da namiji. Ya ce, "Malam Yari, aikinka ba wuya. Fitila ya yi ja, tururi yana ciki, hannunka a ƙasa. Fitila ya yi kore, ka ɗaga hannu. Wannan agogo bar shi tukuna, sai ka kwana biyu zan koya maka. Ka gane?"

Yari ya ce ya gane. To me zai ce? Mutumin da ya tashi a karofi, ubansa marini, kakansa marini, a tambaye shi ko ya san kore?

A wurin marini, kore riga ce da ta sha baba har ta ƙoshi, aka kai ta mabuga aka buge ta da shuni, ta yi duhu tana ƙyalli kamar bayan buzuzu. Ya san akwai masu kiran launin ganye kore, amma wannan a ganinsa sakin baki ne irin na mutanen kasuwa. Launin ganye sunansa tsanwa. Kuma duk wanda ya taɓa tsamo zane daga rijiyar rini ya san tsanwa yake fitowa, ɗanye, sai ya sha iska ya koma shuɗi, sai an mayar an sake mayarwa kafin ya kai kore. Tsanwa hanya ce, ba masauki ba. Injin da aka ɗauko tun daga Turai, kuma kan maganar da ta shafi fatar mutum, ai ba zai yi sakin baki ba.

Ga shi yanzu fitilar ta bar ja, ta zo tsanwa, ta yi zamanta. Yari ya zuba mata ido yana jiran ta ƙarasa, ita ko a jikinta.

Dandamalin ya girgiza, Markus ya hawo da sauri yana share gumi da hular kakinsa. Ya kawo baki kusa da kunnen Yari ya ce, "Me kake jira? Mutane suna tsaye!"

"Ba ta ida ba," in ji Yari. "Ɗanya ce tukuna."

Injin ya cinye rabin maganar. Markus ya dubi fitilar, ya dubi agogo, ya kama tsintsiyar hannun Yari ya ɗaga sama kamar alƙalin dambe. Ɗanjuma ya murɗa ƙarfe. Yari ya runtse ido yana salati a zuci. Da ya buɗe, sai ya ga murfin a buɗe, angurya tana zubowa cikin baro da ɗan ɗuminta, ba wanda ya ƙone. Markus ya buga masa kafaɗa, ya nuna fitilar da yatsa ya faɗi wani abu, ya sauka.

Yari ya tsaya yana juya abin. Ƙarshe ya samo masa mazauni a ransa. Foman ɗin nan irin masu kawo rini ne ana jibi salla, waɗanda za su tsaya a kanka su ce a tsamo haka nan ya isa. Ganganci aka yi, Allah ya rufa asiri. Tukunyar da ta biyo baya, da wadda ta bi ta, haka aka yi ta yi. Fitila ta tsaya a tsanwa, Yari ya jira har ya hango Markus yana yi masa tsawa da hannu daga ƙasa, sannan ya ɗaga nasa a sanyaye.

Ba don son ransa ya bar karofi ba. Tun da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, suka faɗo gari, kowa ya zama mai shadda. Masinja ya sayi Besfa, malamin makaranta ya sayi rediyo mai cin kaset, matan Ƙofar Marusa suka koma atamfar waje, aka bar marina da rijiyoyinsu suna hira da ƙadangaru. Ɗanjuma, ƙanen matarsa Furera, shi ya yi ta zarya wurin Markus har aka ce a kawo shi. Ya ce musu mijin yayarsa mutum ne mai natsuwa, wanda zai iya wuni yana kallon abu guda bai ƙosa ba. Bai yi ƙarya ba.

Da azahar aka tsaya. Bayan salla suka zauna gindin bedi a bakin ƙofar masana'antar, inda Baraka mai abinci take ajiye tukwanenta. Kunnen Yari bai daina ƙara ba. Ɗanjuma ya tura masa kwanon ɗanwake yana dariya.

"Angon yayata, yau ka sha tsayuwa. Kai ko sai an roƙe ka kake ɗaga hannun nan, kamar mai bayar da aure?"

"Kai dai bari. Ɗanjuma, in tambaye ka mana. Hitilar ga, tana yin kore kuwa? Koren gaske?"

"Kore ai kore ne, Yaya. Akwai na ƙarya?"

"Ka taɓa ganin ta yi?"

"Ni ina zan gan ta? Daga inda nike ba a hango gaban allon. Ni hitilata hannunka ne." Ya kamo hannun Yari ya nuna wa sauran leburori. Ruwan baba ya kama shi har gwiwar hannu, farata sun yi baƙi. "Ku duba don Allah. Ko daga Ƙofar Durbi ya ɗaga wannan sai na gani. Shi ya sa na ce a ɗauke shi."

Aka kwashe da dariya, har Baraka ta ce a bar mata baƙo ya ci abinci. Yari ya yi murmushin yaƙe. Tambayar tana bakinsa, ya so ya sake jero ta dalla-dalla, amma ya ga in ya yi, to ya zama abin hirar gindin bedi har ƙarshen wata, a ce marini bai san launi ba. Kunya ta danne shi. Ya haɗiye tambayar tare da ɗanwake.

Bayan an koma aiki, motar angurya ta iso daga Funtuwa, aka kira Markus ya je wurin awo. Aka cika tukunya, aka rufe, fitila ta yi ja. Yari ya gyara tsayuwa ya kafa mata ido. Can sai ya ga jan ya yi rawa, ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Daga nan sai fitilar ta yi duhu.

Yari ya matso. Gilashin ya koma baƙi-baƙi mai zurfi, hasken taga yana zamewa a kansa, da ɗan shuɗi can ciki in ka karkata kai. Ko rigar da ubansa ya bar masa a adaka ba ta fi wannan ba. Wani sanyi ya sauko masa tun daga wuya. Ashe tana yi. Ashe shi ke da gaskiya tun safe, gaggawar foman ce ba ta bari a gani ba. Ya ji daɗi har cikin ransa, irin daɗin mutumin da ya wuni cikin baƙon gari sai ga wanda ya sani.

Idonsa ya ɗan taɓa agogon. Allurar tana can sama, inda bai taɓa ganin ta ba lokacin buɗewa. Kuma kamar ba a daɗe da rufe tukunyar ba. Ya tsaya. To amma an ce masa ya bar agogo tukuna, kuma wa ya sani ko can sama ɗin shi ne daidai, tun da duk na safe a gaggauce aka yi su? Ya ɗaga hannu.

Ɗanjuma ya dube shi, ya karkata kai alamar tun yanzu? Yari ya ƙara miƙa hannun sama, ya buɗe yatsu, karo na farko yau da ya ɗaga shi da zuciya ɗaya.

Ɗanjuma ya koma gefen murfin kamar yadda aka koya musu, ya murɗa ƙarfen kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ita ta cece shi. Tukunyar ta yi wata irin ƙara da ta rufe ta injin, farin tururi ya fito ta gefe kamar an harbo shi. Wurin ya ɓace. Yari ya ji ihu guda, gajere. Wani ya ruga ya buga jan maɓallin da ke jikin ginshiƙi, injin ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Cikin shirun da ya biyo baya, Yari ya lura hannunsa har yanzu yana sama.

Da ya sauko, ya tarar sun ja Ɗanjuma gindin famfo suna ta kwarara masa ruwa. Hannunsa na hagu, daga kafaɗa zuwa yatsu, da gefen wuya, fatar ta tashi ta yi fari. Baraka ta shigo da gudu da ƙwaryar gishiri da manja, Markus ya tare ta ya ce ruwa kaɗai, kada wanda ya shafa masa komai. Aka sa shi a akori-kurar masana'anta aka nufi asibiti. Yari ya kama ƙofar motar zai hau, Markus ya ce, "Tsaya tukuna. Manaja yana son ganinka a sama."

Su uku suka tsaya gaban allon. Manajan, wani saurayi mai taye da takalmi mai tudu, ya tambayi Yari cikin ladabi, "Malam, me fitilar ta nuna da ka ɗaga hannu?"

"Kore, ranka ya daɗe."

"Ka tabbata?"

"Wallahi kore na gani."

Markus ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Ga shi ya mutu ma yanzu. Wataƙila waya ya haɗu, ya nuna kore kafin ya ƙone."

Yari ya dubi fitilar. Tana nan yadda take, da duhunta da ƙyallinta. Ta mutu? Wannan ce matacciya? Ya buɗe baki, amma bai san ta inda zai kamo zancen ba. In wannan mutuwa ce, to ina koren? In kuwa wannan ce koren, me ya dafa Ɗanjuma? Kansa ya yi ta juyawa kamar an sa muciya a rijiyar baba. Manaja ya ɗauki shirun a kan firgita. Ya ce ba laifinsa ba ne, kayan lantarki haka suke, za a duba wayoyin yau. Ya je ya ga ɗan'uwansa, gobe ya dawo bakin aikinsa.

"Nan ɗin?" in ji Yari.

"Nan ɗin mana. Ai ka yi abin da aka ce ka yi."

A ƙafa ya tafi asibiti, bai ma tuna da motar haya ba. Ya tarar Furera ta riga shi, tana tsaye a baranda da mayafinta a baibai, idanu sun yi ja. Wata nas mai suna Rifkatu ta ce su shiga amma kada su daɗe. "Yana bayan koren labulen can."

Yari ya shiga ɗakin yana waige-waige. Gadaje ne a jere, da fararen zannuwa, da labule guda a ƙarshe. Ya wuce shi ya dawo.

"Malam, ina za ka?" in ji Furera. "Ga shi nan gabanka."

"Ta ce kore. Wanga ai tsanwa ne."

"To ai shi ne kore. Yau kuma mi ya same ka?"

"Ke ma haka kike ce mashi?"

"Kowa ma haka yake cewa. Ku ɗai ne 'yan karohi da naku koren." Ta ja labulen.

Ya tsaya riƙe da bakin labulen, yana murza shi tsakanin yatsu yadda ya saba gwada zane. Launinsa ɗaya da fitilar safe, ba ragi. Ashe duk tsayuwar nan da ya yi yana jiran ta nuna, nunanniya ce. Ashe lokacin da Markus ya nuna ta da yatsa, cewa yake ga koren nan. Abin da ya wuni yana nema ya warware masa lokaci guda, kuma bai ji sauƙi ba ko kaɗan. Ya gwammace ruɗewar.

Ɗanjuma yana kwance a gefen dama. An shafe masa hannun da wuyan da wani magani mai launin shuni, ya kama fatar ya yi duhu. An yi masa allura, idonsa a lumshe, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"Angon yayata," ya ce a hankali. "Ka ga sun rina ni. Na shigo sana'arku ta bayan gida."

Furera ta yi dariya tana kuka. Yari ya durƙusa a bakin gadon.

"Sannu, Ɗanjuma. Sannu. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Likita ya ce hannun zai yi aiki, sai dai tabo. Kada ka sa ma ranka komi, Yaya, direban masana'anta ya dawo ya hwaɗa mani hitilar ce ta yi ƙarya." Ya ɗan numfasa. "Ni ma raina ya ba ni lokaci bai yi ba. Har na yi niyyar in ƙi. Sai na ga yadda ka miƙe hannun nan, na ce tun da Yaya ya ɗaga haka, magana ta ƙare."

Yari ya sunkuyar da kai ya dubi hannun. Ya so ya yi magana, nas ta leƙo ta ce lokaci ya yi.

A ƙofar asibiti Furera ta ce za ta koma ta dama kunu ta kawo. Suka taka tare har Ƙofar Marusa. Ita tana ganin tausayin ƙanenta ne ya rufe masa baki. Shi kuwa lissafinsa ɗaya ne. Ba wanda ya zarge shi, aikinsa yana nan, gobe zai hau dandamali, wani bawan Allah kuma zai tsaya inda Ɗanjuma ya tsaya yana kallon hannunsa. Kore kam yanzu ya san shi. Amma wace kalma ce kuma ke gaba, wadda shi da injin za su ji daban-daban bai sani ba?

Da suka shiga gida ya buɗe adaka ya ciro rigar ubansa, ya naɗe ta a hammata. Furera ta ce, "Ina za ka da rigar Baba da la'asar ɗin ga?" Ya ce yanzu zai dawo.

Masana'antar shiru, an sallami leburori. Markus kaɗai ne a kan dandamali, ya kwance bayan allon, sukuddireba a baki. Da ya ga Yari sai ya cire ta. "Yaya jikin Ɗanjuma? Ka ga abin mamaki, waya duk lafiya yake. Ƙwan ja ne kawai ya ƙone. Ban ga ta inda zai nuna kore ba."

Yari ya warware rigar ya shimfiɗa ta a kan allon, gefen fitilar da ba ta ci. Ya gyara ta yadda hasken yamma zai faɗa kan su biyun.

"Wanga shi ne kore a wurinmu," ya ce. "Shi na gani."

Markus ya dubi rigar. Ya dubi gilashin. Ya daɗe yana kai ido yana dawowa da shi, sannan ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa.

"A gidanmu wannan baƙi ne," ya ce. Can kuma ya ce, "To na safe fa, wanda yake ci?"

"Tsanwa."

"Tsanwa." Ya maimaita kalmar a hankali. "Ka ce mini ka gane."

"Na ce."

"Ni kuma ban ce maka in ya mutu kada ka motsa ba. Ban kashe shi na nuna maka ba." Ya shafa fuska da tafin hannu. "Dole in gaya wa manaja. Nawa da naka duka. Ban san abin da zai ce ba."

"Ka hwaɗa mashi. In ya kore ni, shi ke nan." Yari ya shiga naɗe rigar. "In kuma ya bar ni, ina roƙon abu guda. Kada a maishe ni nan sama sai na san hitilar ga da agogon ga kamar yadda na san rijiyata. Wurin Ɗanjuma ba kowa. A ba ni shi har ya warke."

"Ka san abin da kake roƙo? Can ne wuta yake."

"Na gani."

Markus ya koma kan aikinsa. Ya ɗaura sabon ƙwai ya mayar da murfin allon. Yari ya sauka matakalar da rigar a hammata, ya zagaya ya tsaya gefen murfin tukunyar, inda siminti bai gama bushewa ba. Ya kama ƙarfen, ya ji sanyinsa, sannan ya ɗaga kai.

Gaskiyar Ɗanjuma ce, daga nan ba a ganin fitilar. Bayan allon kawai ake gani, sai ɗan fili a samansa, daidai inda hannun mutum zai fito.